Ƙarshen Wata a Winnipeg

Shekara ashirin da tara ina tuƙa bas ɗin birni,
ban taɓa zama kan kujerar da wani bai riga ni ɗumamawa ba.
Yau talatin da ɗaya ga Janairu,
ƙanƙara ta kai gwiwa a bakin titi,
na shigo da jiƙaƙƙen takalmi
na tsaya gaban wata shuɗiya mai ƙamshin sabuwar leda.

Yaron ya taso, hannu a miƙe.
Corbin, in ji ɗan allon da ke ƙirjinsa.
“Madam Marlene, kofi ko shayi?”
Na san kyautar gidan nan tana cikin lissafi,
amma sanyi ya riga ni amsawa.

Dala dubu talatin da huɗu da ɗari tara,
haka aka manna a gilashinta.
Na zaro takardata mai ninki huɗu,
farashin wurare uku da na buga wa waya jiya,
na rubuta talatin da ɗaya a ƙasa,
na ja layi biyu, na tura masa.

Ya yi murmushin da bai kai ido ba.
“Bari in ga manaja.”
Ina hangensu a ɗakin gilashi
kamar kifaye biyu a kwalba, baki na motsi.
Zan iya rantsuwa wasan daren jiya suke tattaunawa.

Ubana Ostap shanu ya sayar har ya tsufa.
Ya ce, kada ki shafa bayan saniyar da kike so
a gaban mai ita.
Ya ce, in an faɗi kuɗi,
wanda ya fara buɗe baki shi zai biya.
Sai na cusa hannuwana cikin aljihu,
don tun ɗazu suke son taɓa sitiyarin nan.

Ya dawo da talatin da uku da ɗari takwas,
da tabarmin ƙafa, da fentin hana tsatsa.
“Nawa za ki iya biya a wata?”
Na ce, ɗana, ba wata na zo saya ba,
mota na zo saya.

Shiru.
Injin ɗumama ɗaki yana ta gunaguni.
Na ƙirga maɓallan rigata, na ɓalla su ɗaya-ɗaya,
na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara.
Taku goma sha huɗu ne zuwa ƙofa,
kowanne sai da zuciyata ta ce, koma, wawiya.

A na goma sha biyu ya kira ni.
Talatin da biyu da ɗari biyu,
har da tayoyin hunturu.

Da na juyo ne na ga farin allon da ke bayansa,
sunaye a jere, kowa da zanensa.
Corbin tara, an kewaye goma da jan alƙalami,
ga rana tana faɗuwa tun ƙarfe biyar.
Daga aljihun kwat ɗinsa
safar jariri guda ta leƙo, ruwan ƙwai.

Akwai sauran ɗari biyu a jikinsa, na gani.
Da ubana ne sai ya tatse har ɗigon ƙarshe.
Ni kuwa na karɓi biron,
na ce ya cika min tanki, shi ke nan.
Hannunsa na rawa wajen nuna min inda zan sa hannu.

Kilomita goma sha ɗaya kacal a agogonta.
Kujerar sanyi ƙalau, ba ɗumin kowa.
Na hau titi a hankali,
kuma a tashar bas ta farko
ƙafata ta taka birki da kanta,
hannuna ya tafi neman maɓallin buɗe ƙofa.
Wata tsohuwa mai jaka biyu ta dube ni,
na dube ta.
Na sauke gilashi na ce, ina kika nufa?