Ja a Hagu, Kore a Dama

Kawu Haladu ya dawo daga teku
da akwatin ƙarfe ɗaya, da tari,
da tafin hannu mai kaushin bayan kunkuru.
Shekara ashirin da bakwai a kan ruwan gishiri
bai taɓa tuƙa jirgi ba.
Aikinsa, in ji shi, kiwon boya.

Muka kwashe da dariya a gindin tsamiya.
Wace dabba ce boya? Ana tatsar ta?
Ya ce ganga ce ta ƙarfe, ta fi rumbun Barau ƙiba,
an ɗaure ta da sarƙa har ƙasan ruwa,
tana rawa dare da rana, ba ta barin gurbinta.
Sunanta boya, amma ba ta ɓoye komai,
ita ce ma mai tona asirin teku.

Ja a hagu, kore a dama, in kana shigowa gida.
Baƙa mai jar ɗamara cewa take:
akwai mugun abu ƙarƙashina, zagaya.
Wata na ƙifta fitila sau uku ta yi shiru,
matuƙi ya ƙirga, ya san inda yake.
Wata ƙararrawa gare ta, don ranar da ido ba shi da amfani.
Wata ba ruwanta da jirgi,
tana sauraron zafin ruwa da tsayin igiyarsa
ta aika labari tudu.
Shi kuwa nasa kankare tsatsa,
wanke kashin tsuntsu, shafa fenti,
da amai a tsakani.

Sai daminar da kogi ya ƙi zama a gidansa.
Ya shanye hanyar Kirikasamma,
fadamar shinkafa da filin ƙwallo suka zama faranti ɗaya.
Kwalekwalen Ɗan'azumi ya hau kututturen giginya ya kife
da buhu shida na gero da akuyar mutane.
Shi ya fito. Akuyar ce dai.

Kawu ya sayar da rediyonsa,
ya sayo jarka tara da gwangwanin fenti biyu.
Ni ke tuƙi, shi yana zura sanda yana tambayar zurfi.
Buhu cike da fasassun bulo, igiya, jarka a sama.
Kowace igiya sai ya bar mata rara.
Ya ce, wanda aka ɗaure tamau
shi ke fara nutsewa in ruwa ya ƙaru.

Masunta suka ce, mu da muka gaji ruwa
jarkar manja ce za ta nuna mana hanya?
Yara suka kwance biyu suka yi iyo da su.
Bai zagi kowa ba. Ya ɗaura wasu.

Daren da haihuwa ta gardama wa Ladidi matar Zubairu
babu wata, kacala ta rufe ko'ina iri ɗaya.
Na kunna tocila hannuna na rawa.
Ja a hagu, na ce, na karkata,
sai na ji muryarsa daga bakin gaɓa, tari na yanka ta:
Fita kake yi, wawa! Juya karatun!
Na juya.
Ɗaya, biyu, har tara, kowace na ɗaga mini kai,
har kwalekwale ya daki busasshiyar ƙasa.
Yarinyar yanzu tana aji uku.

Bara muka kai Kawu makwancinsa.
Rana ta ci fentin, jar ta koma kalar goro da aka tauna.
Ban taɓa ganin teku ba, watakila ba zan gani ba.
Amma jiya da hadari ya haɗu a gabas
na ɗauko tsumma da gwangwani.
Balbela ce zaune kan ta huɗu,
ta riga ta ɓata ta fari fat.