Hoto Ɗaya, Ƙofa Huɗu

A Oulu, cikin Disamba,
rana kan leƙo da hantsi kamar mai bin bashi,
ta juya tun kafin la'asar.
Vuokko na hawa na uku, fitila ɗaya a kunne,
kofi ya huce tun ɗazu.

Hoto ne ya tsayar da ita.
Mahaifinta a kan daskararren teku,
ya huda ƙanƙara, ya zura ƙugiya,
yana dariya da haƙoran roba.
Ina za ta ajiye shi?

Kwamfuta ta ce: zaɓi reshe.
Mu bishiya ce mai saiwa a sama,
kowane ganye da reshensa guda.
In ya shiga jakar Iyali, ya bar jakar Teku.
In ya kwana a ta Shekaru,
ba shi a ta Hunturun Ƙarshe.

An ce gida biyu maganin gobara.
Ta kwafa shi gida huɗu.
Wata na zagayowa ta gyara hasken ɗaya,
ukun suka zauna da duhunsu,
kowanne na rantsuwa shi ne na asali.

Sai ta tuna masaƙar kakarta a Kajaani,
tsummokaran riguna suna zama darduma.
Zaren tsaye, zaren kwance,
inda suka gitta ba na kowa ba ne,
kuma na kowa ne.

Ta nutsa can ƙasan tsarin,
inda kuskuren harafi guda
ke kwantar da na'ura sumammiya.
Ta ce wa hanya: daina zama tsani.
Wane, ina, yaushe, don me,
kowanne ya zama zare,
fayil ya zauna a mahaɗa.

Daren farko hanya ta haɗiye wutsiyarta,
jaka cikin jaka cikin jakar farko,
fankar na'ura na ihu har asuba.

Aatos, mai teburin kusa da taga,
ya karkaɗe dusar ƙanƙara daga hularsa, ya ce:
To, in na goge shi ta ƙofar Teku,
ya mutu ke nan a Iyali?
Kuma makulli na hannun wa,
tunda ɗaki ɗaya ne, masu gida huɗu?

Kwana goma sha ɗaya ba ta ba shi amsa ba.

Ran na sha biyu ta rubuta:
teku, baba, hunturu.
Ya fito.
Ta juya: hunturu, teku, baba.
Ya fito, shi ɗin dai,
da ƙugiyarsa, da jan hancinsa,
ko kifi ɗaya bai kama ba.

Maganar gogewa kuwa tana nan.
Ta bar wa kanta saƙo a gefen layi na dubu da tara:
a dawo nan.
Ta kashe fitila,
ta sauka neman kekenta a ƙarƙashin ƙanƙara.