Ƙafar Hagu

Ni na fara sanin ƙafarka, Zayyanu,
tun 'yan rediyo ba su iya sunanka ba.
A rumfata ta bakin tashar Jega
ka ajiye kambas ya wangale baki
kamar tarwaɗa a busasshen gulbi,
ka ce, "Baba, ɗinki, amma bashi."
Na juya na dama, lafiya lau.
Na hagu ne ya sha wuya.
Na ce yaron nan bahago ne,
kuma akwai bangon da ke shan duka a unguwarsu.

Sau bakwai basilla ta ratsa shi.
A na takwas zare bai sami wurin kamawa ba.

Ka tafi Birnin Kebbi, ƙaramin rukuni,
inda ake bin albashi kamar bashin makoki.
Bas ta mace muku a Koko,
kuka tura ta, kuka isa, kuka buga,
ka ci biyu da ƙafar da ta yi turi.
Sha ɗaya a kakar nan. Na rubuta a bangon rumfa da gawayi.

Sai dillali mai waya biyu ya zo.
Yamai, shekara guda.
Sudan, sha tara, har suka sa maka suna
da bakinmu ya kasa juyawa.
A Tunis kuwa benci ya san ka fiye da ciyawa,
wata takwas kana ɗumama jiki
kamar shayin da ba mai sha.
Ban rubuta komai ba. Gawayin ya jira.

Daga nan ƙasar ƙanƙara.
Ka kira Nafi'u cikin azumi,
ka ce rana ta ƙi faɗuwa,
a tambayo liman yaushe za ka sha ruwa.
Muka yi dariya, sannan muka yi shiru.

Ranar da aka nuno ka a gidan kallon Ɗan'ige
na rufe rumfa tun la'asar.
Ga ka, lamba tara, hannu cikin safa,
an kayar da kai, alƙali ya nuna fenariti.
Ka ajiye ƙwallo, ka ja da baya taku huɗu,
sai janareta ya yi tari ya mutu.
Mutum sittin cikin duhu, ba mai numfashi,
har ihu ya taso daga gidan kallon tsallaken titi.
Ƙwallon da na fi so ke nan,
kuma ban gan ta ba.

Turkiyya ta biya kuɗi, ta karɓi gwiwa.
Wani mai tsaron baya, ban san uwarsa ba,
ban kuma zage ta ba.
Tiyata biyu. Aro. Wani aron.
Oman, sannan wata ƙasa gabas da Indiya
da ko tauraron ɗan'adam ba ya leƙawa,
sai dai Nafi'u ya karanto mana a waya:
ya ci ɗaya, an cire shi minti na sittin.

Ƙungiya goma, ƙasa takwas.
Ɗari da talatin da huɗu, in ji bangona,
ko da yake damina ta lashe wasu.

Jiya ka sauko daga mota a hankali,
hagu tana bin dama a baya
kamar ƙanwar da aka tilasta wa rakiya.
Ka miƙo takalmin fata mai tsada,
ka ce likita ya ce a ƙara masa dunduniya,
ƙafar ta gajarta da faɗin yatsa.

Na ɗora ta a cinyata, na auna.
Duniya ta ci rabonta, ta dawo mini da saura.
Ka ce, "Nawa?"
Na ce wannan kyauta ne.
Na da dai, naira talatin da biyar,
har yau ba ka biya ba.