Masassaƙin Bakin Deben

Ubana, Ambrose Thurkettle na Woodbridge,
shekara arba'in da ɗaya yana sassaƙa jirage,
bai taɓa wuce bakin kogin Deben ba.
Ya ce teku ta masu ƙarar kwana ce,
shi iyakarsa inda taɓo ya gaisa da ruwa.

In ƙanƙara ta rufe gonaki
sai ya shiga kurmi da alli a aljihu.
Miƙaƙƙen itace kowa na so,
shi karkatacce yake nema,
reshen da iska ta tanƙwara tun kakansa na goye:
shi ne gwiwa, shi ne haƙarƙari,
wanda ya saba da duka ba ya tsoron igiyar ruwa.

Babban yatsansa na hagu gizago ya cinye.
Da sauran huɗun yake shafa katako
kamar ungozoma, ya ji inda ruɓa ta kwanta.
Gidanmu warin kwalta,
burodinmu da dusar zarto a ciki.

Ni ke riƙe littafin bashi, don bai iya baƙi ba.
Hukumar jiragen yaƙi: fam ɗari biyu da sha bakwai,
shekara tara ana ce mana gobe.
Sau uku ya hau keken doki zuwa Landan,
sau uku ya dawo da takarda mai hatimi, da tari.

Sai ga samari daga Deptford
da zane, da lissafi, da tsabtatattun farce.
Suka ce, ina ma'auninka, tsoho?
Ya nuna idonsa. Suka yi dariya.
Da tsakar dare na same shi gaban kyandir,
yana kallon takardarsu, ya riƙe ta a kife.

Akwai sunan da ba a faɗa a gidanmu.
Marigold, jirginsa na sha tara,
ta tafi Newcastle ɗauko kwal
da ƙanena Josias a kan igiyoyinta.
Ko guntun katako teku ba ta mayar ba.
Mutane suka ce hadari ne.
Shi kuwa, har ranar da muka rufe masa ido,
yana ƙirga ƙusoshinta da leɓe,
daga goshi zuwa wutsiya,
yana neman wadda bai buga da kyau ba.

Gizagon na rataye bayan ƙofa.
Can a gaɓa, ƙashin bayan jirgi na talatin da biyu
yana kwance ba haƙarƙari.
Sau biyu a rana ruwa na zuwa ya duba,
ya koma.