Karkatar Guduma

Kwalin ya iso tashar Ƙofar Ƙaura ran Laraba:
guduma tamanin da takwas, da biyu na ko-ta-kwana,
kawunansu farin ulu, matse kamar curin fura.
Ba wadda aka huda.
Hujin nawa ne.

Fiyanon Malama Rifkatu na kwance a falonta,
baƙi, ƙafa uku, baki buɗe kamar kada na shan hantsi.
Ta ce, "Tanimu, tun rasuwar maigidan yake mura.
Taɓa ƙasan nan ka ji, kamar ana dukan garwa."

Na zaro cikinsa, na shimfiɗa bisa tebur.
Hanya mai sauƙi ita ce kwaikwayon tsofaffin:
cire ƙota, zura ƙusa a ramin, ɗora ma'auni.
Sha huɗu.
Ta kusa da ita, sha huɗu.
Duk masu kaurin murya, digiri sha huɗu.

Amma tsirkiya wanzamiya ce,
shekara talatin tana yi musu tsaga a goshi,
tsagar kuwa ta kauce, ta bi ta gefe,
alamar ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.
Na ce, wane ne ya yi wannan aikin ganin dama?
Na juya guduma ta ɗaya.
Da fensir, da ajami, ga shi: Ilu Kafinta.

Hannun babana.

Na fita na tsaya gindin darbejiya
har mai shayin bakin titi ya tambaye ni ko lafiya.

Da na dawo, na bar tsofaffin, na tambayi tsirkiya.
Na ja zare a layin da duka ke sauka,
na manna takardar siminti, na goga gawayi,
kowace tsirkiya ta zana hanyarta da kanta.
Na ƙasa sun jingina hagu, sun haye bayan 'yan'uwa,
na tsakiya sun jingina dama kaɗan,
na sama sun miƙe sak, ba su da labari.
Na auna tsayin tsirkiya daga daɓen ciki,
na ɗebe tsayin ƙusar da ƙota ke juyawa a kanta;
abin da ya saura, nan mahuji zai sauka daga goshi,
don duka ya zo a tsaye, ba a zamiye ba.

Takarda ta ce sha tara.
Na ce, ka gani, Baba?
Na ɗauki ta ko-ta-kwana, na ɗaure, na huda sha tara,
ƙamshin katako ya tashi, na soka ƙota, na ɗaga.
Ta tashi kuwa, amma da kafaɗa,
ta gogi maƙwabciyarta, su biyu suka maƙale a sama
kamar awaki a ƙofar garke.

Ashe tsohon ya san sha tara.
Ya gani, ya ƙi.
Ba kowa ake ba cikakkiyar karkatarsa ba
in layi ya matse.

Saura ɗaya ta gwaji a kwali.
Aka ɗauke wuta, Malama ta riƙe min tocila.
Na huda sha shida, na feƙe wutsiyar da faifan yashi,
na ɗaga.
Ta wuce 'yar'uwarta da faɗin gashi.

Kwana tara na yi, huji bayan huji,
ina rage karkata rabi-rabi har ta ƙare a sifili.
Ran na goma Malama ta zauna, ta danna ta ƙarshen hagu.
Shayin da ke bisa kujera ya yi rawa cikin kofi.
Ba ta ce komai ba. Ta sake dannawa.

Na ari fensirin jikarta,
na rubuta a gefen sabuwar ta ɗaya: sha shida,
ban sa sunana ba.
Tsohuwar tana aljihuna har yanzu,
tsagarta a karkace.