Cokali Uku na Ƙasa

A Kabwe na ɗebo ta,
tsakar gidan Bana Mulenga,
daidai inda ɗanta ya koyi rarrafe.
Cokali uku, a kwalbar man shafawa.

Shekara biyar ina haddar dokoki,
ba malamin da ya gaya mini
dalma ba ta da wari, ba ta sallama;
sai dai yaro ya kai tara
sunansa yana gagarar alƙalaminsa.

Lauyoyin kamfani su shida ne,
takalmansu ba su san unguwar ba.
Suka nemi a ɗage zama. Aka ɗage.

A bakin kotu ta gyara goyo:
"Chileshe, ko sun ƙwace kwalbar,
kar ki damu.
Akwai saura a gida."