Ƙaramin Minista a Majema

Sun ce ƙaramin minista zai zo ran Talata.
Aka share bakin majema, aka yayyafa ruwa,
ruwan da muka saya jarka ɗaya dala ashirin.

Mota biyu ce kawai, babu jiniya.
Da ya sauko, ashe Nafi'u ne ɗan Gwamma,
wanda muka yi lakwal tare a Garin Malam,
shi a gaba da alli, ni a baya da gyangyaɗi.

Bai toshe hanci ba, wannan na shaide shi.
Na bayansa kowa ya lalubo hankici,
shi ko ya tsugunna bakin kwatarniya,
ya ɗebi bagaruwa ya murza a tafin hannu.

Ya ce aikinsa a Yamai murhu ne mai dutse uku:
ciniki ya tafi,
mai aiki ya ci guminsa,
kada babba ya haɗiye kasuwa shi kaɗai.
In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.
Na ce a raina: to, mu ne itacen.

Ya ce, Ilu, yi magana.
Na dubi Alhaji, Alhaji ya dubi carbinsa.

Na ce shekarata goma sha tara cikin ruwan toka,
ba takardar da ta san sunana.
Na ce ga Jaharu can gindin bango,
ruwan jima ya cinye masa yatsu,
an sallame shi da jika biyar da Allah ya sawwaƙe.
Na ce alhazai uku ke shan shayi bayan la'asar,
gari na wayewa, kuɗin fata a kasuwar Dole
ya zama ɗaya, kamar daga baki guda.
Sabi'u ya gwada ƙara dala goma kan fatar akuya,
mako bai zagayo ba
ya rasa motar da za ta ɗauki kayansa.

Alhaji ya yi gyaran murya, shi ma da tasa.
Takalmin roba ya cika gari, ya ce,
dukawa sun rage saye, lanho ya hau.
In aka ɗora mini takardu, sai in ja ƙofa,
su je su jeme iska.
Ban ce ƙarya yake ba.
Ban ce gaskiya ce duka ba.

Nafi'u ya rubuta nawa, ya rubuta nasa,
shafi ɗaya, alƙalami ɗaya.
Da zai shiga mota ya ja ni gefe:
Ka san me ake nufi da ƙarami?
Alƙalami a hannuna, hatimi a aljihun wani.
Sai in yi ta ƙwanƙwasa.

Damina ta zo ta wuce, dutsen Birni ya bushe.
Rannan ga mai kabu-kabu da kwali daga biro:
takalman ruwa ƙafa goma sha biyu,
mu kuwa talatin da ɗaya.
Muna karɓa-karɓa, wanda ya yi sammako ya sa.

Ƙarƙashin kwalin akwai takardu.
Tawa ta ce Illo maimakon Ilu,
amma ta faɗi albashi, ta faɗi ranar hutu,
ga hatimi shuɗi ya ɗan karkace.
Ban san ƙofa nawa ya buga kafin a danna shi ba.

Zancen Jaharu, wai ana dubawa.
Kuɗin fata yana nan baki guda,
sai dai shayin ya koma cikin gida, an sa labule.

Jiya rediyo ta karanta sababbin ministoci.
Na kasa kunne har aka kai ƙarshe,
ban ji ɗan Gwamma ba.

Takardar tana cikin kwallar matata,
ƙarƙashin zanen sunan ɗanmu na fari.
Yau ni na riga kowa zuwa.
Takalmin ya yi mini yawa, na cusa tsumma.